GYARAN YOYON MAI A SANDAR BAYAN TARAKTA

Jawabin yau a kan wani ɗan lahani ne da ke samun motar noma, watau tarakta, wanda masu ita su kan raina har ya kai su ga babbar hasara.

A bayan tarakta, tsakanin hannuwan nan biyu masu ɗaga garma, akwai wani guntun ƙarfe mai tsaga-tsaga da ya leƙo waje. Turawa suna kiransa P.T.O., watau wurin ɗiban ƙarfin inji. Shi ke juya injin casa da famfon ban ruwa da injin yankan ciyawa. Kamfanin International Harvester na Amurka ya fara sayar da tarakta mai wannan sanda a 1918. A ƙananan taraktoci, kamar Massey Ferguson 135 wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, kaurin sandar milimita 35 ne, tsagarta 6, tana juyi 540 a minti ɗaya. Cikin manya kuwa akwai masu tsaga 21 da juyi 1,000.

To, gindin sandar nan yana can ciki inda man giya ya ke. A irin tarakta da aka ambata, mai ɗaya ne ke jiƙa giya da kusurwar ƙafafun baya, shi ne kuma famfo ke turawa ya ɗaga garma. Abin da ke tare wannan mai duka kada ya biyo sandar ya fito, wani ɗan zobe ne na roba da ƙarfe, wanda makanikai ke kira sil. Yana da leɓe mai laushi wanda ya rungumi sandar, da siririn sifirin a bayan leɓen mai matse shi. Kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba. Amma da yayyafi kogi kan cika, haka kuma da ɗigo mai kan ƙare. Idan ya yi ƙasa, garma za ta riƙa tashi da kyar, daga nan boris da haƙoran giya su fara cin juna a bushe. Tarakta kuwa ta tsaya ana tsakiyar huɗa, ruwan sama ba zai jira ta ba.

Sil ba ya lalacewa haka kawai. Wani lokaci tsufa ne, zafi ya busar da roba ta tsage. Amma a ƙasar nan ƙurar hunturu da rairayi sun fi yin ɓarna, domin suna haɗuwa da mai su zama kamar dutsen wasa, su ci leɓen, su kuma sassaƙa wata 'yar kwari a jikin sandar. Ciyawa da igiyar leda da ke naɗewa a wurin su ma suna kutsawa su yanke shi. Akwai kuma cika mai fiye da ƙima, da toshewar kafar da iska ke fita. Mafi muni shi ne boris ya ci, sanda ta riƙa rawa. Wanda ya sa sabon sil a kan tsohon boris mai rawa, ya zuba ruwa a rariya ne.

Saboda haka ba a fara kwance kome sai an tabbatar da inda man ke fitowa. A cire murfin sandar, a wanke wurin da kananzir, a goge, a ta da inji na ɗan lokaci ana kallo daga nesa. Sau da yawa man daga sama ya ke gangarowa, a ɗora wa sil laifin da ba nasa ba. Bayan an kashe inji an zare makulli, a kama sandar a girgiza ta sama da ƙasa. In ta motsa, boris ma sai an sake shi.

A nan lalle ne a yi gargaɗi. Juyi 540 a minti ɗaya, juyi 9 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Idan sandar ta kama bakin babbar riga ko jelar rawani, za ta naɗe mutum tun bai buɗe baki ya yi kururuwa ba. Kada kowa ya kusance ta tana juyi, yaro ko babba. Garma kuma a sauke ta ƙasa kafin a fara aiki, a sa wa ƙafafu waigi.

Wasu makanikai su kan tsai da tarakta a gangare, hanci ƙasa, don mai ya koma gaba su huta da juye shi. Dabarar tana yi. Duk da haka juyewa cikin mazubi mai tsabta ta fi, domin a nan ne za a ga halin man. In ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, ba shi da sauran amfani. In an ga ɓarɓashin ƙarfe, ciwon ya wuce na sil.

Sa'an nan a kwance abin da ke riƙe da sandar. A wasu taraktoci notuna ne da faranti, a wasu kuwa zoben ƙarfe ne mai tsalle wanda a ke matsewa da filaya. A duba littafin kamfani a ga inda a ke ajiye hannun giyar sandar kafin a zaro ta, gama akwai haƙoran da kan goce daga mazauninsu a ciki, mai da su kuwa aiki ne ja. A fitar da tsohon sil a hankali, kada sukudireba ya ƙarci mazauninsa.

Sai a bi jikin sandar da farce daidai inda leɓen ke zama. In farce ya faɗa kwari, sabon sil ma zai yi yoyo. Maganinsa shi ne a sa wa wurin siririyar rigar ƙarfe da a ke sayarwa don haka, ko a sake sandar ɗungum. Tsatsa kaɗan kuwa takardar yashi mai laushi ta isa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne sa sabon. Gefen da sifirin ya ke shi ke duban ciki, wajen mai. A shafa wa leɓen mai, kada ya fara aiki a bushe. A naɗe tsagogin sandar da leda ko tef, domin kaifinsu ya kan yanke leɓen tun wajen shiga. Ba a dukan sil da guduma kai tsaye. A sami guntun bututu daidai faɗinsa a ɗora, a riƙa bugawa kaɗan-kaɗan har ya zauna ba karkata. In mazaunin yana da zoben roba a kewayensa, shi ma a sa sabo.

Bayan an ɗaure kome, a zuba irin man da kamfani ya ce, tarakta tana tsaye a wuri mai daidai, har ya kai alamar ma'auni, kada ya wuce. A buɗe kafar iska in ta toshe. A ta da inji, a sa sandar ta yi juyi har mai ya yi ɗumi, a kashe, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya kwana. In gari ya waye kwalin a bushe, sai a mai da murfin sandar a ɗaure, ya zauna a nan duk ranar da ba a aiki da ita.