Bishara Ta Bi Hanyar Baƙi
(Jawabin da aka yi a taron Jubili, a Nkomkana, Yawunde)



Kalmar nan Jubili daga Littafin Firistoci sura 25 ta fito. A can aka umurci Isra'ilawa su keɓe shekara ta hamsin, kowa ya koma ga gādonsa da danginsa. To, mu ma yau bari mu koma ga gādonmu, mu bincika yadda bangaskiyarmu ta fara, da hanyar da ta bi har ta iske mu.

Kwanan baya wani saurayi daga cikinmu ya zo wurina da dare, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, a Briqueterie dangina suna cewa na bar gida na bi Turawa. In kuwa na shiga babbar majami'a, sai in ji Faransanci da Ewondo, ba mai gaishe ni da harshen uwata. Ni na wane ne?" Na san ba shi kaɗai ke da wannan nauyi ba. Ni ma sa'ad da nake yaro a makarantar mishan, tsammani nake bishara daga Ingila ta taso. Abin da ya warkar da ni shi ne na ba shi. Na ce ya buɗe Ayyukan Manzanni.

Luka likita ne ya rubuta wannan littafi, surori 28. Ya fara a Urushalima, ya ƙare a Roma, tsawon labarin kuwa wajen shekara 30 ne. Ku karanta shi kamar yadda madugu yake lissafin zango. A kowace sura ku yi tambaya uku: wa ya ɗauki Maganar, wace hanya ya bi, me kuma ya rasa saboda ita?

Ku duba sura 8. Bayan an jejjefi Istifanas, tsanani ya tashi, masu bi suka warwatse, manzanni kuwa suka zauna a Urushalima. Ashe waɗanda suka fara fita da bishara 'yan gudun hijira ne. A cikin wannan sura Filibus ya gamu da Bahabashe, ma'ajin sarauniya, yana zaune cikin karusarsa yana karatun annabi Ishaya, bai gane ba. Mulkin sarauniyar nan a bakin kogin Nilu yake, a ƙasar da muke kira Sudan yanzu. Mutumin Afirka ke nan, an yi masa baftisma tun Bulus bai sa ƙafa a Turai da bishara ba.

Ku wuce sura 11. Waɗansu daga cikin warwatsattsun nan suka kai Antakiya, birni na uku a girma cikin mulkin Romawa, bayan Roma da Iskandariya. Yawancinsu Yahudawa kaɗai suke yi wa magana. Amma waɗansu mutanen tsibirin Kubrus da na Kurane suka yi ƙarfin hali, suka faɗa wa Helenawa. Kurane kuwa a Libiya take. Luka bai ko rubuta sunayensu ba, amma a birnin nan aka fara kiran almajirai Kirista. A sura 13 an lissafa shugabanni biyar na ikkilisiyar Antakiya. Ɗaya Bakurane ne, ɗaya kuma ana yi masa laƙabi da kalmar Romawa mai nufin baƙin launi. Daga wannan taron baƙi aka aiki Bulus da Barnaba.

A sura 16 bishara ta haye teku zuwa Filibi. Wa ya fara karɓa? Wata mace mai suna Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya, ita ma ba 'yar garin ba ce, daga Tayatira ciniki ya kawo ta. Gidanta ya zama wurin taron masu bi. A sura 18 kuma ga Akila da matarsa, waɗanda Sarki Kalaudiyas ya kora daga Roma tare da sauran Yahudawa, wajen shekara ta 49. Suka sauka a Koranti suna ɗinkin alfarwa, Bulus ya zauna gidansu yana sana'a tare da su, ya yi shekara ɗaya da rabi a garin yana koyarwa.

To, 'yan'uwa, ku dubi inda muke zaune. Jamusawa suka kafa tasharsu a Yawunde a 1889, kakanninmu fatake kuma suka gangaro daga Adamawa ta Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da goro da danko. Unguwar da suka tare a ƙarshe ta sami sunanta daga wurin da ake toya tubali. Maɗinka da mahauta da masu tsire da dillalan atamfa, ba su ne jama'ar unguwar ba? Da Lidiya da Akila za su zo Yawunde, ina za su nemi masauki in ba a cikin irin wannan zango ba?

In an ce muku wannan addinin Turawa ne, ku amsa da ladabi, ku ba da tarihi. A shekara ta 180 an kashe masu bi goma sha biyu a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, domin sun ƙi musun Ubangijinsu. A ƙarni na 4 Ezana, sarkin Aksum na Habasha, ya ba da gaskiya. Mishan ɗin da Roma ta aika wa kakannin Ingilishi kuwa sai a 597 ya isa. A nan Kamaru ma, Joseph Merrick, baƙar fata daga Jamaika, ya fara aiki a Bimbia a 1844, kafin Alfred Saker ya zauna a Duwala a 1845.

Ba mu manta da wahalar waɗanda suka zo daga nesa ba. A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka a Ikko da nufin kai bishara ƙasashenmu na Arewa. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya koma. Likita Miller ya zauna a Zariya tun 1905, shi da malamai Hausawa da waɗansu ma'aikata suka yi ta fama da fassara, har aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Saboda wannan wahala ne kake iya karanta labarin Antakiya da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Littafin nan bai yi mana alkawarin sauƙi ba. An fille kan Yakubu, an yi wa Bulus da Sila bulala, sura ta ƙarshe ma ta bar Bulus a tsare shekara biyu cikin gidan haya. Waɗansunku an hana su gādo, waɗansu an daina cin abinci tare da su. Ku lura fa, cikin surorin nan 28 ba inda masu bi suka rama. Istifanas yana mutuwa yana roƙa wa masu jifansa gafara. Saboda haka maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda jininmu ɗaya da su, kada a ji zagi daga bakinmu a kansu. Ku je suna, ku je ta'aziyya, ku cika mudu, ku biya bashi a kan lokaci. In an tambaye ku dalilin begenku, sa'an nan ku faɗa da tawali'u.

Ga roƙona a wannan Jubili. Tun daga gobe kowane gida ya karanta sura ɗaya kowace rana bayan abincin dare, cikin mako huɗu kun gama. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku sami takarda ku rubuta sunan kowane gari da aka ambata, da na wanda ya kai Maganar can. In kun kai Roma, ku rubuta Yawunde a ƙarƙashi, ku sa sunan wanda ya fara faɗa muku labarin Yesu, ku yi godiya dominsa. Sa'an nan ku bar layi ɗaya ba rubutu, ku roƙi Ubangiji ya nuna muku wanda za ku faɗa wa.

Saurayin nan da na ambata yana zaune tare da mu yau. Ya kai sura 16, ya kuma ce in sanar cewa shagonsa na ɗinki a buɗe yake ga masu son karatun kowace Laraba da yamma.

Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.