Kilomita Talatin a Ƙofar Makaranta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar yin magana a kan abin da nake ganin ya fi damun makarantarmu a yau. Na san wasu za su zaci zan yi magana ne a kan ɗakin gwaje-gwaje ko rufin ɗakin cin abinci. To, maganata ba ta ma shiga cikin makaranta ba, a bakin ƙofa ta tsaya, wato a kan titin da ya wuce ta gabanmu da irin gudun da motoci ke yi a kansa.

Kowa a nan ya san cewa lokacin da muke ɗalibai makarantar nan a bayan gari take, gonaki ne kewaye da ita, kuma mu 'yan kwana ne, sai ranar fita ko ranar hutu muke taka titi. Yau gari ya cim mata har ya wuce. Ga gidan mai, ga shaguna, ga 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu, kuma akasarin ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke karatu a nan 'yan jeka-ka-dawo ne. Yaro ɗaya yana tsallaka titin nan sau biyu a rana, kwana biyar a mako. Shi kuwa titin yana nan a matsayinsa na babbar hanya, direban tirela ko na bas da ya taso daga nesa yana isowa ƙofarmu ne da gudun da ya kwaso tun daga daji.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu masu tafiya ne a ƙasa. Rahoton ya kuma nuna cewa a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu abin da ke kisa kamar haɗarin hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ko'ina asarar rayuka. Shekarun ɗaliban sakandare suna tsakiyar wannan rukuni.

Yanzu ina neman izinin malamanmu na Fiziks, domin zan ɗan taɓa fagensu. In na yi tuntuɓe suna nan kusa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kimanin mita 14 a kowace daƙiƙa. Wadda ke gudun kilomita 30 tana cin kimanin mita 8. Direba mai hankali a kan titi yana bukatar wajen daƙiƙa guda tsakanin ganin yaro da taka birki. Bayan ya taka, mai gudun 30 zai tsaya cikin kimanin mita 5, mai gudun 50 kuwa sai ya ƙara wajen mita 14. Idan muka haɗa, na farko ya tsaya cik a mita 13, na biyu sai a mita 28. Ma'ana, in yaro ya faɗo titi mita 13 a gaban motocin nan biyu, ta farko za ta tsaya a gabansa, ta biyu kuwa za ta same shi tun direba bai taka birki ba.

Haka nan ƙarfin bugun ba daidai yake ƙaruwa da gudu ba, ninkawa yake yi. Bugun mota mai gudun 50 ya kusa ninka na mai gudun 30 sau uku. Wanda mota ta buge da gudun 30 kamar ya faɗo ne daga tsayin mita uku da rabi, wanda ta buge da gudun 50 kuwa kamar ya faɗo daga mita goma, wato daga saman bene mai hawa uku. Ba wanda zai yarda ɗansa ya yi wasa a bakin rufin irin wannan bene, amma kullum muna turo su su tsallaka titin da haɗarinsa ya kai haka ko ya fi.

Saboda wannan lissafi ne ministoci da wakilan ƙasashen duniya suka amince, a taron da suka yi a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin a watan Fabrairun 2020, cewa a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. A watan Agusta na wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 domin a rage mace-macen hanya da rabi. Ƙasar Sifen ta sanya dokar kilomita 30 a ƙananan titunan garuruwanta a watan Mayun 2021, birnin Faris ya bi sahu a watan Agusta. Kafin nan, wani bincike da aka buga a 2009 ya duba unguwannin Landan da aka mayar da gudunsu mil 20, wato kimanin kilomita 32, ya gano cewa waɗanda ke jin rauni ko mutuwa sun ragu da kusan kashi 42 cikin ɗari, kuma yara ne suka fi cin moriyar ragin.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Maƙwabtanmu na Gana sun rubuta kilomita 30 a dokar hanyarsu ta 2012 domin titunan da ke wajen makarantu da asibitoci da kasuwanni da wuraren ibada. A Kenya an kai ƙudurin kilomita 30 gaban majalisa, amma da dokar ta fito a 2017 sai ga shi an mayar da ita 50. Darasin da ke nan shi ne, in masu neman doka suka kai takarda suka koma gida suka kwanta, wasu ne za su gyara musu ita yadda suke so.

A nan gida, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a watan Fabrairun 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Bisa ƙa'idojin hanya, ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na gudu. A 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Wannan ci gaba ne, amma na'urar gudun babbar hanya take ƙayyadewa; bas ɗin da ke ɗauke da ita tana iya wucewa ta ƙofarmu da gudun 80 ba tare da na'urar ta hana ta ba. Ko da ma kowane direba ya tsaya a kan 50 ɗin cikin gari, mun riga mun ga abin da 50 ke yi wa yaro.

Don haka abin da nake kira gare shi shi ne doka a rubuce, wadda za ta ce a gaban kowace makaranta, daga wata tazara kafin ƙofa zuwa wata tazara bayanta, gudu ba zai wuce kilomita 30 ba, tare da hukunci bayyananne ga wanda ya saɓa. Sai dai doka a takarda da allo a bakin titi ba su isa ba. Direba ya fi jin maganar titin da ke ƙarƙashin tayarsa fiye da maganar allo. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, gayyatar gudu yake yi. A birnin Darussalam na Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamare tana gina tudun rage gudu da hanyar masu tafiya a ƙasa da wurin tsallakawa mai zane, tana kuma koya wa yara yadda ake tsallaka titi. Da aka auna, raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin ɗari. Ba gadar sama suka gina ba, aikin siminti da fenti ne, wanda bai fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ba.

Na san akwai masu ƙorafi. Wani zai ce ana ɓata wa matafiya lokaci. To, a lissafa: rabin kilomita da gudun 50 daƙiƙa 36 ne, da gudun 30 kuwa daƙiƙa 60. Bambancin daƙiƙa 24 ne, bai kai lokacin da direba ke ɓatawa wajen neman canji ba. Wani zai ce tudun kan titi yana lalata mota yana kuma jawo haɗari da dare. Wannan gaskiya ne game da irin wanda jama'a ke tashi su gina cikin fushi bayan an buge yaro, ba awo, ba fenti, ba alamar gargaɗi. Maganinsa shi ne injiniya ya tsara, hukumar da ke da titin ta amince. Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya yi imani da ƙaddara bai daina rufe rijiyar gidansa saboda yara ba.

Bisa ga wannan, ina gabatar wa taro shawarwari huɗu. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti na lauyoyinmu da injiniyoyinmu, ya rubuta takarda zuwa ga hukumar da ke da alhakin titin nan. Wannan na da muhimmanci, domin titunan ƙasar nan kashi uku ne, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma takardar da aka kai ofishin da ba nasa ba a cikin fayil take tsufa. Na biyu, 'yan'uwanmu da ke Majalisar Dokokin Jiha da manyan ma'aikata su ɗauki ƙudurin kilomita 30, ba domin makarantarmu kaɗai ba, domin kowace makaranta a jihar nan, su kuma bi shi har ya fito yadda ya shiga. Na uku, a ware wani kaso na gudummawar bana domin allunan gargaɗi da zanen tsallakawa da tudun rage gudu, da kuma wurin sauke ɗalibai a gefe, yadda masu adaidaita sahu za su daina cunkushe ƙofa suna kare wa direbobi ganin yara. Na huɗu, a zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaɓa, domin su ma iyaye ne, a kuma roƙi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta taimaka a kafa kulob na kiyaye haɗurra a makaranta, manyan ɗalibai su riƙa tsayawa da malami a ƙofa lokacin zuwa da lokacin tashi. Masu sarari a cikinmu suna iya shiga sahun jami'an sa-kai na hukumar.

'Yan'uwa, mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyar burtsatse, mun sayi littattafai, kuma Allah ya saka wa duk wanda ya ba da nasa. Amma duk waɗannan domin yaron da ya iso makaranta lafiya ya kuma koma gida lafiya aka yi su. Rigakafi ya fi magani. Kada mu jira sai ranar da shugaban makaranta zai tara ɗalibai a filin taro ya sanar da su rasuwar ɗan'uwansu, sa'an nan mu fara neman lambar kwamishina. Ina roƙon shugaban taro da ya sa a kafa wannan kwamiti yau kafin mu watse, a kuma ba shi wata uku ya kawo rahoto.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.