Kuskuren Gidan Buga Kuɗi da Darajarsa: Jawabi a Taron Reshe



Kwanakin baya wani ɗalibina ya zo mini da tsohon anini mai huji wanda ya gada daga kakarsa, yana tambaya ko gaskiya ne zai iya sayar da shi miliyoyi kamar yadda ake yaɗawa a waya. Tunda irin wannan tambaya za ta iske kowannenmu a aji, na ga ya dace mu san amsarta.

Masu tara tsabar kuɗi suna biyan kuɗi mai tsoka ne a kan kuskuren da ya auku a gidan buga kuɗi, idan ya kasance adadinsa kaɗan ne kuma masana sun tabbatar da shi. Tsufa kaɗai ba ya ƙara daraja, haka nan lanƙwasa ko tsatsa da suka samu kuɗi a hannun jama'a.

A shekarar 1943, saboda buƙatar jan ƙarfe a Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta buga santi ɗaya da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. Sai wasu 'yan ƙwayoyin tagulla da suka rage daga shekarar da ta gabata suka shige cikin injin, aka buga su da kwanan 1943. Guda ɗaya tak aka sani daga gidan buga kuɗi na Denba, an kuwa sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010.

Mu kwatanta da Ingila. A 2008 an sauya zanen kwabo 20, aka mayar da shekara ɗaya fuskar. Aka haɗa tsohon hatimi da sabo bisa kuskure, kuɗin suka fito ba shekara. Da yake waɗanda suka fita sun yi yawa, gomomin fam kawai ake sayen guda.

Inda riba take, nan mazambata suke taruwa. Sukan shafa wa santin ƙarfe ruwan tagulla, ko su kankare lambar 8 ta 1948 ta koma 3. Maganaɗisu yana tona na farko, domin yakan kama ƙarfe, ba ya kama tagulla. Na biyu sai madubin ƙara girma da idon masani.

Shawarata gare mu biyu ce. Kada malami ya zuba albashinsa ko kuɗin adashinsa a kan kwandalar da ba a tantance ba, ko ya biya wani “kuɗin rajista” don a saya masa tasa. Sannan mu ɗauki waɗannan kuɗi zuwa aji: darasin tarihi ne, darasin kimiyya ne kuma. Ɗalibina na gaya masa ya adana aninin kakarsa, kada ya goge shi, domin gogewa tana rage darajar tsohon kuɗi.

 Allah ya sa albarka a aikinmu.