Gyaran Sheƙin Mota: Rigakafi Ya Fi Magani



Da yawa cikinmu kan taɓa wankin mota lokacin hutu, saboda haka ku ba ni aron kunnuwanku. In kuka dubi baƙar mota da tsakar rana, za ku ga zane-zane sirara kamar saƙar gizo-gizo. Hannun mai wanki ne ya yi su. Ƙurar hunturu yashi ce, busasshen tsumma kuwa jan ta yake yi bisa fenti, balle fenti mai taushi.

Maganinsu shi ne gogewa da man sheƙi, amma a sani gogewa cin fenti take yi. Shafen sama mai ɗaukar ido bai kai kaurin silin gashi ba, abin da aka ci kuwa ba ya dawowa. Don haka a fara da mai mafi laushi, a inuwa, a gwada a ɗan wuri tukuna. Zanen da farce ya maƙale cikinsa, a bar wa mai fenti.

Wajen wanki, a fara kwarara ruwa, sannan a ajiye bokiti biyu: na sabulu, da na ɗauraye tsumma. Motar mutane amana ce.