Shekarar Share Fage: Japananci Kafin Shiga Jami'a a Japan



Tun shekarar 1954 gwamnatin Japan ke ba ɗaliban ƙasashen waje guraben ƙaro ilimi ta hannun ma'aikatar iliminta, wadda aka fi sani da MEXT. Ɗan Najeriya yakan nema ta ofishin jakadancin Japan da ke Abuja. Wanda ya dace da gurbin digirin farko sai ya fara yin shekara guda cur ta share fage, a Jami'ar Nazarin Ƙasashen Waje ta Tokyo ko a Jami'ar Osaka, daga watan Afrilu, lokacin da ake buɗe shekarar karatu a can. Wannan shekarar ta fi duk waɗanda ke biye da ita nauyi, kuma ita ce masu sha'awar tafiya suka fi rainawa.

A rubutun Japananci, haruffan hiragana 46 ne, katakana ma 46, mai ƙwazo kan haddace su cikin 'yan makonni. Gumin yana wajen kanji, haruffan da Japan ta aro daga China. Jerin kanjin amfanin yau da kullum da gwamnati ta fitar a 2010 ya ƙunshi 2,136. Yaron Japan yana koyon 1,026 daga ciki a shekaru shida na firamare, sannu a hankali, yana ganinsu a allunan titi da jikin kwalin madara. Baƙo kuwa ana so ya kama mafi yawansu cikin wata goma sha biyu. Ga shi harafi ɗaya yana da karatu iri-iri: 生 ana karanta shi "sei" a cikin gakusei, wato ɗalibi, shi ne farkon ikiru, rayuwa, da umareru, haihuwa, in ya tsaya shi kaɗai kuma ya koma "nama", ɗanye.

Waɗanda ke ɗaukar nauyin kansu galibi makarantun koyon harshe suke shiga, daga nan su zauna jarrabawar shiga jami'a ta EJU, wadda aka soma a 2002. Hukumar JASSO ce ke shirya ta sau biyu a shekara, a Yuni da Nuwamba. Ban da lissafi da kimiyya da sanin Japan da duniya, akwai sashen insha'i: minti 30, haruffa 400 zuwa 500, da fensir, kowane harafi a cikin ɗan murabba'insa. Ɗalibin da ya saba waya na zaɓo masa kanji, a nan hannunsa ke cijewa, ya san kalmar sarai amma ya kasa zana ta. Shahararriyar jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT ba ta gwada rubutu ko magana, ko a matakinta mafi girma na N1, don haka kuskure ne babba ɗalibi ya tsaya a kanta kaɗai.

Sai keigo, harshen girmamawa, inda al'ada ke shiga cikin nahawu. Aikatau na tafiya shi ne iku, amma in farfesa ne zai tafi sai a ce irassharu, in ɗalibin ne da kansa ya ce mairu, ya ƙasƙantar da kai. Bahaushen da ya tashi yana cewa "Baba sun fita" ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda zai yi tuntuɓe shi ne rabuwar na gida da na waje: ma'aikacin Japan in yana magana da baƙo, ƙasƙantar da maigidansa yake yi, ya kira sunansa ba tare da kalmar girmamawa "san" ba, domin a gaban baƙo su biyun 'yan gida ɗaya ne.

Japan na neman shekara 12 ta karatu kafin jami'a, kuma firamare da sakandaren Najeriya sun cika wannan sharaɗi. Abin da ya rage ga ɗalibin ajin ƙarshe mai wannan buri shi ne ya sayi littafin rubutu mai murabba'ai tun yana gida, ya gama hiragana da katakana, ya fara zana kanjin ajin farko na firamare, waɗanda 80 ne, kafin ya cike fom.