Maganin Ƙazwa: A Haɗa Kowa da Kowa a Gida

Ƙazwa ciwon fata ne da wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke haddasawa. Macen ce ke haƙa rami a cikin fata tana zuba ƙwai. Ƙaiƙayin ya fi tsananta da dare, ƙurajen kuma sun fi fesowa a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu da matsematsi. A jikin jariri har tafin hannu da tafin ƙafa da kai suna kamawa. Ana ɗaukarta ta haɗa jiki da haɗa shimfiɗa, shi ya sa ta fi yawa a tsangayu, makarantun kwana da sansanonin 'yan gudun hijira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci aƙalla mutum miliyan 200 na fama da ita, kuma a 2017 ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Wanda ya ɗauka karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana yaɗawa. Don haka duk wanda ke kwana a gidan sai an yi masa magani, rana ɗaya, da mai susa da wanda bai fara ba.

Maganin da aka fi gabatarwa shi ne man shafawa na permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. A yanke farce, a yi wanka, jiki ya bushe, sannan a shafa daga wuya har tafin ƙafa, a bi tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce da bayan kunne. A bar shi awa 8 zuwa 14, watau a kwana da shi. Wanda ya yi alwala ko ya wanke hannu, ya sake shafawa. Bayan kwana 7 a maimaita, saboda ƙwan da ya ƙyanƙyashe. Ɗiga magani a kan ƙurji kaɗai ɓarnar kuɗi ce.

Akwai ruwan benzyl benzoate, mai araha a kemis, amma yana da raɗaɗi. Na yara sai an sirka, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi yadda za a sirka. Man farar wuta ana shafa shi dare uku a jere, shi aka fi ba jarirai 'yan ƙasa da wata biyu. Ƙwayar ivermectin, wadda ake rabawa a ƙauyuka don tundurmi, ita ma tana kashe ƙwaron, sai dai da nauyin mutum ake auna ta, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

Masu shafa wa yara kalanzir, baƙin mai ko fiya-fiya su ji tsoron Allah, guba ce da ƙonewar fata. Haka mayukan haɗe-haɗe masu sitiroyid: ƙaiƙayi zai lafa, ƙwaro kuwa sai hayayyafa.

Ranar shafa magani ita ce ranar wanki. Tufafi, zannuwan gado da tawul a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana 3 ba tare da jikin mutum ba. Yaron da ya dawo hutu, a haɗa da kayansa. In aka bar mutum ɗaya a gida ba a shafa masa ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ƙaiƙayi kan ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan magani, wannan ba ya nufin maganin bai ci ba, kada a yi ta lafta shi kullum. Amma idan ƙurajen sun yi ruwa ko mugunya, ko fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya yi duhu, a garzaya asibiti, domin gyambon ƙazwa na iya taɓa ƙoda.