Aikin kuran da zaren haske: hanyar daga lakwal take farawa

Hirar yau bisa wata sana'a take, wadda ɗiyan manoma ba su cika shiga ba, alhali ƙasa na neman masu ita.

Kowa ya san salula. Mutum shina Madawa shi yi magana, ɗan'uwanshi na Abijan shi ji nan take. To, ina maganar ke bi? Daga salula tana zuwa ga dogon ƙarhen nan na bakin gari. Daga nan, wurare da yawa, sai ta shiga wata igiya da anka bizne cikin ƙasa. Cikin igiyar akwai zare na ƙarau, siriri kamar gashin kai. Ma'aikata na ce mishi fibir. Haske ke gudu cikinshi. Inji na maida magana da hoto su zama ƙibtawar haske, hasken kuwa na cin wajen kilomita 200.000 cikin daƙiƙa guda. Wani masani mai suna Charles Kao ya nuna a 1966 ana iya aika saƙo nesa ta haka, in ƙarau ɗin ya yi tsabta ƙwarai.

Waɗannan igiyoyi suna taruwa a wani babban gida cike da kwamfutoci. Yadda manomi ke aje hatsi cikin rumbu, haka ake aje takardun gwamnati da lissahin banki da saƙonnin mutane cikin wannan gida. Shi ya sa ake ce mishi rumbun bayanai. Abokan gabanshi biyu ne: yankewar kuran da zahi. Injunan na aiki dare da rana suna hidda zahi. In ba a sanyaya su ba, sai su tsaya. Injiniyan kuran ke tsara batura da injin gurup da na'urorin sanyi, yadda ko wutar gari ta tahi aikin ba shi katsewa. Mai aikin fibir kuma shi ke haɗa zare da zare. In igiya ta tsinke cikin daji, shi auna da na'ura shi gane wurin, shi je shi narka bakin zaren biyu shi liƙe su.

Aikin ya iso Nijar. A 2016 Bankin Raya Afirka ya yarda ya sa kuɗɗi don shimhiɗa zaren hiye da kilomita 1.000. Cikin hanyoyin akwai Arlit zuwa Asamaka, da Damagaram zuwa Magariya har iyakar Najeriya. Cikin wannan shiri har da gina rumbun bayanai na ƙasa a Yamai. Wajen kuran ma akwai bukata. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take saida ma Nijelek, ba ta maido ta ba sai Maris na 2024. Garuruwa sun sha duhu, masu niƙa da masu walda sun yi asara. Tashar hasken rana ta Malbaza ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Duk waɗannan injuna sai da mai kula da su. In babu ɗan ƙasa da ya iya, sai an kira baƙo da tsada, a zamna jiranshi.

Yaya yaro ke kai nan? Shekara 6 a lakwal ɗin gari. Shekara 4 a kolej, shi ci birbe. Shekara 3 a lise, shi ci bak. A Maraɗi akwai lisen koyon sana'a ta Ɗan Kasawa. Bayan bak, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da makarantar EMIG ta Yamai suna koyar da aikin kuran, shekara 3 ko 5. Wanda bai kai bak ba shina iya shiga cibiyar koyon sana'a, shi hito mai ja waya ko mai sa farantin hasken rana. Shi ma shina ci da kanshi.

Tahiyar na da nisa, nauyinta kuma bisa uwaye yake. Inda yara sunka hi faɗuwa shi ne kolej, lokacin da sunka bar gida sunka koma wani gari, babu mai riƙo, babu abinci. Uban da ya samo ma ɗanshi masauki na kirki, ya aika mishi da hatsi bayan girbi, ya yi rabin aikin. Uwar da ta rage ma ɗiyarta talla da daka da dare don ta yi bitar lissahi, ita ma haka. Lissahi shi ne tushen wannan sana'a, kuma mace na iya ta kamar namiji. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Gargaɗi ɗaya: inda anka kafa alamar igiya bakin hanya, kar a yi gina. Babu jan ƙarhe cikin zaren, mai yanke shi ba shi samun ko dala, sai dai ya raba gari da ƴan'uwa na nesa.

A tattauna a cibiya: yara nawa na garinku sunka shiga kolej bara? Nawa sunka komo gida, kuma mi ya maido su?